Mai Ɗori Ya Kwanta a Aliero

Sun ce in yi kalma, na yi.
Sun sake cewa, na sake.
Harshena ya san hanyarta
kamar jakin da ya san gida ko da dare.
Amma Kulu, matso da kunnenki,
abin da ke raina bai kai girman da kuke zato ba.

Na ɗauka a wannan gaɓa
mutum zai ga rayuwarsa duka a shanye,
kamar albasa a kan rumfa bayan cira.
Ashe ɗaya-ɗaya suke shigowa, ba sallama,
kamar masu karaya ranar kasuwa.

Na farko hannun Arzika ne, ɗan Nomau na Sabiyal,
da ya faɗo daga kan giginya yana shekara tara.
Ranar motar albasata na jira a bakin titi,
na ja, na haɗa, na ɗaure kara da sauri,
ban tsaya yatsana ya gama sauraro ba.
Ƙashin ya kama a karkace.
Ubansa ya ce ƙaddara, ni ma na ce ƙaddara.
Ƙaddara ce, Kulu, amma ta hannuna ta biyo.
Yau yana da furfura, yana ɗaukar jikansa da hagu,
kuma duk inda ya gan ni sai ya rusuna
ya ce Allah ya saka.
Shekara arba'in wannan addu'a tana ba ni tsoro.

Ƙafafuna sun riga ni tafiya.
Na aika musu saƙo, ba su amsa ba.
Ni da na ƙare kwanana ina haɗa ƙashin mutane,
yau nawa nake ji,
kowace gaɓa tana kwance ɗaurinta a hankali,
babu mai ihu, babu wanda za a danne.

Tsoro? Akwai shi.
Da asuba ya hau ƙirjina kamar jiƙaƙƙen buhu.
Da hantsi ya gaji, ya sauka.
Yana can bakin ƙofa cikin takalman mutane,
yana leƙowa.

Kuna zaton ba na ji.
Ina jin injin ban-ruwa yana tari a fadama.
Ina jin Barmo a zaure, ya rage murya,
yana tambayar wa zai riƙe gonar gabas.
Kada ki harare shi.
Albasa ba ta san zaman makoki ba,
jibi ma ruwa za ta nema.

Ɗiga mini kaɗan. A'a, ba ludayi ba, da yatsa.
Ashe haka ruwa yake!
Shekara saba'in da ɗoriya ina kwankwaɗarsa a tsaye,
ban taɓa tsayawa mun gaisa ba.

Akwai man shanu a ƙaramar kwalba bayan randa,
na matar nan ce mai targaɗe, ta biya.
Bashin Ige mai taki, dubu huɗu ne, ba uku ba.
Arzika kuwa, ki je da kanki.
Ki ce masa gaggawa ce.
Kada ki ƙara gishiri, kada ki rage.

Wa ya shigo da warin daddawa da hayaƙi?
Inna Tumba ce?
Ai ta daɗe.
Ga ni a bayanta, zane ya matse ni,
tana ratsa ruwan fadama har ƙugu,
kunnena a kan kafaɗarta,
ina jin maganarta ta cikin ƙashi
kafin ta fito baki.
Tana cewa kada in duba ƙasa.

Ban duba ba.

Kulu, hannunki ne wannan?
Sassauta.
Abin da ya kama, ba a matse shi.

Wani ya ɗage labule.
A bar shi haka.